Wane littafi ne ya fi tsaya muku a rai a karatun bana?

Makarancin Dare:
Assalamu alaikum. Ganin shekara ta zo ƙarshe, ina so in tambayi 'yan uwa masu sha'awar karatu: a cikin littattafan da kuka karanta bana, wanne kuka fifita, kuma da wane ma'auni? Na kawo zancen ma'auni ne domin akwai littafin da zai hana mutum barci har sai ya kai bangon ƙarshe, amma wata guda na wucewa ko sunan jarumin ba zai iya kawowa ba. Nawa zaɓin shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 ta haifar. Mafi yawan masu ba da labarinsa sukan tsaya ne a kan sace Umar yana yaro da kai shi ƙasar Masar, amma ni mahaifiyarsa ce ta hana ni sakat, wadda ta fita neman ɗanta, ita ma aka mai da ita baiwa, ta ƙetare hamada cikin wahala, sannan ba ta jima da ganinsa ba Allah ya yi mata rasuwa.

Uwar Ɗaki:
Wa alaikumus salam, Malam. Ma'aunina shi ne littafin da na rufe ina jayayya da shi a zuciyata, kuma bana Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, shi ya yi mini haka. Marubuciyar ba ta yi gaggawar kai mu ga ranar sakayya ba. Ta zaunar da mu tare da Rabi bayan Alhaji Abdu ya kore ta saboda amarya, muna kallon yadda take sana'ar sayar da abinci domin ta riƙe 'ya'yanta, ta ci da su, ta tufatar da su. Abin da har yanzu bai kwanta mini ba shi ne ƙarshen, inda bayan gobara ta cinye dukiyar mijin, dangi suka taru a kanta sai ta koma. Ina ganin da gangan aka bar mu da wannan ɗacin.

Ɗalibin Adabi:
Ranki ya daɗe, ba na musun ingancin zaɓinki, sai dai ku biyun duk baƙin ciki kuka auna. Ni Magana Jari Ce na Abubakar Imam na ɗauka, kuma wannan karon na bi shi daga farko, ban riƙa tsintar labarai ɗai-ɗai kamar yadda aka saba ba. Sai da na yi haka na gane cewa aku ba don nishaɗi yake zuba zance ba: a littafi na ɗaya, kowane labarin da yake bayarwa dabara ce ta riƙe Musa ɗan Sarki a gida har gari ya waye, don kada ya faɗa tarkon Waziri. Wanda ya karanta labaran a warwatse ya ji daɗin Hausa, amma wannan ya wuce shi.

Makarancin Dare:
Na gode muku. Malama, wannan ƙarshen da kika ambata ya sa zan nemi littafin a farkon shekara mai zuwa, in Allah ya kai mu, sannan in dawo mu tattauna ko komawar Rabi sakayya ce ko ƙarin nauyi.