Daminar 2024: ina ruwan ya same ku, ta ina kuma Allah Ya fitar da ku?

Maman 'Yan Biyu, Birni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, ko ɗigo bai sauka ba sai ga ni tsakar gida na tattaro yara. Maigida ya yi ta yi mini dariya. Ashe tsoron daminar 2024 bai sake ni ba. Shi ya sa na ce bari in buɗe zancen, kowa ya faɗi nasa.

Nawa ya faru ne a makon da tsohon masallacinmu na Birni, nan Damagaram (Zinder), ya zube, ranar Talata 3 ga Satumba. Gini ne da ke tsaye tun ƙarni na 19. Da na ga tulin ƙasarsa na ce a raina, in wannan ya kwanta, wane ne ɗakina? To amma ina za mu? Cikin makon, wajen ƙarfe 3 na dare, Usaina ta farka da kuka wai fitsari. Na miƙa mata fo ta ture shi, ita sai waje. Har na ɗaga hannu zan make ta. Kukanta ya tashi Hasana, ita ma ta riƙe mini zani, haka na fito da su biyu cikin yayyafi ina ta mita. Ba mu kai makewayi ba na ji dim! kamar an sauke buhun hatsi daga mota. Bangon gabas ne ya kwanta a kan katifarmu. Da gari ya waye aka tono gidan sauron, ƙasa ta kai gwiwa daidai inda kawunansu suke. Har yau in yarinyar nan ta yi mini taurin kai sai jikina ya yi sanyi.

Ɗan Kabu-kabu, Kara-Kara

Allahu akbar. Yaya, Allah Ya raya miki su. Ni abin da ke ɗaure mini kai, garin da muke kwana bakin famfo da jarkoki, garin da ɗan garuwa ke zama sarki lokacin bazara, wai shi ne ruwa ya ci. Na sauke fasinja da magariba zan koma gida, na tarar da ruwa ya yanke hanya. Na ce ai na san wurin, kullum nan nake bi. Ko tsakiya ban kai ba ya fizge mashin daga ƙarƙashina, mashin da ko rabin kuɗinsa ban gama biya ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, babu addu'ar da ta zo bakina sai "ya Allah, ya Allah", ina shan ruwa ina amayarwa. Wani dattijo ne a gefe ya warware rawaninsa ya jefo mini, samari biyu suka taya shi ja. Kafin in gama tari ya tafi da jiƙaƙƙen rawaninsa a kafaɗa. Na yi cigiyarsa a unguwar har na gaji.

Tsohon Magini, Zango

Ku yi haƙuri zan ɗan taɓa ku. Shekara 40 ina aikin laka. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa rana ɗaya, sai ya yi ta sallama: tsaga a kusurwa, gindin bango ya zaizaye, indararo ya toshe ruwa ya kwana bisa soro. Iyayenmu ba sa barin damina ta shigo ba a yi yaɓe ba. Yanzu mutum zai cika lambatu da leda, ya yi gini a kan hanyar ruwa, in ka yi magana ya ce Allah ke tsarewa. Gaskiya ne, Shi ke tsarewa. Amma wanda ya tambayi Annabi (SAW) game da raƙuminsa cewa aka yi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Kai kuma ɗana mai mashin, ba a gardama da ruwa mai gudu.

Baban Marigayiya, Garin Malam

Baba, na yi yaɓe. Da hannuna na yi, a watan Mayu. Bangon maƙwabci ne ya faɗo wa namu, ya tafi da 'yata mai shekara 6. Mu ma mun karanta addu'ar dare kafin mu kwanta, ita ce ma ke ja mana Ƙulhuwallahu. Na daɗe ina karanta labaranku kafin in iya rubutawa, don in kowa na cewa Allah Ya tsare shi, sai shaiɗan ya riƙa raɗa mini: to kai fa? Wata uku ban iya bin layin ba. Abin da zan ce na gani shi ne, na ɗauka uwarta za ta haukace, ni kuma na ɗauka zan daina salla. Babu wanda ya faru. Ban san daga ina haƙurin ya zo ba, na dai san ba daga gare ni ba ne.

Tsohon Magini, Zango

Ɗana, ka yafe mini. Bakina ya riga hankalina. Allah Ya sa mai ceto ce.

Malamin Allo, Sabon Gari

Amin. Ɗan uwa, hadisi ne ingantacce a Buhari da Muslim cewa wanda ya nutse da wanda gini ya faɗa wa suna cikin shahidai. Ka faɗa wa mahaifiyarta in ba ta ji ba. Waswasin nan kuma da ka ƙi yarda da shi bai rage maka komai ba. Ka riƙe Hasbunallahu wa ni'imal wakil.

Mushe (malamin makaranta), Tudun Jamus

Mun yi muku ta'aziyya. Ni ban rasa komai ba, shaida kawai na zama. Kun tuna an ɗage komawa lakwal, wato makarantar boko, daga 2 zuwa 28 ga Oktoba saboda mutane na kwana a azuzuwa. A ajina gida huɗu suka zauna, an raba da zannuwa, ana shanya bisa tebura. Akwai wata tsohuwa da ba ta tsira da komai ba sai tukunya ɗaya da carbi. Kullum sai ta ba yara labarin yunwar 1984, wadda ake ce wa El Buhari, yadda suka yi ta jiƙa anza, 'ya'yan wani icen daji, kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita a ci. Wata rana na kai mata tiya biyu ta hatsi, na koma da yamma na tarar ta raba ta huɗu. Na ce Inna, ke fa gobe? Ta dube ni ta ce, "Mushe, jiya kai na roƙa?" Ban sami amsa ba, na ɗauki kwanona na fito.

Maman 'Yan Biyu, Birni

Baban marigayiya, wallahi da kuka na karanta. Ka gaya wa matarka akwai 'yar uwa a Birni, in ta yarda zan zo in gaishe ta ranar Juma'a. Baba magini kuma, bangon yamma da ya rage mana ya fara tsagewa ta sama, yatsa na shiga. Maigida ya ce a tambaye ka, yaɓe zai riƙe shi ko sai an sauke? In kana da hali ka leƙo kafin Alhamis, don ranar yana Kasuwar Dole.