Masu shiru-shiru, yaya kuke ƙarewa da bikin gida?

Maman Sadiya, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya muka aurar da ƙanwata. Tun daga sa lalle har kamu, yini, kai amarya da buɗar kai ina gidanmu, ni ce kan tukunya, ni ce tarbar baƙi. Amma kullum la'asar na yi sai in ji kaina ya cika, ko gaisuwa ba na iya amsawa da kyau, sai in shige ɗakin Hajiya in turo ƙofa in zauna. Lafiyata lau, kuma ba na fushi da kowa. Bayan an watse Gwaggo ta aiko wai tun da na yi aure na koyi jan aji. Maganar ta sosa mini rai, don tun ina yarinya haka nake. Waɗanda abin ya taɓa samu, yaya kuke yi?

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba su zaman lafiya. Mu ma maza ba mu tsira ba. Lokacin auren aminina ni ne babban aboki, kuma a nan samari a fada, wato majalisar hira, suke kwana idan ana biki, shayi na bin shayi. Da na sha na farko sai in ji ina son gida, har suka laƙaba mini miskili. Dabarar da ta fisshe ni ita ce karɓar buta. Mai dafa shayi yana tsakiyar jama'a, kowa na ganinsa, amma ba a jiran ya ja hira. Ina fifita gawayi ina saurare har dare ya raba, ban gaji kamar da ba.

Malama Rabi, Zariya:
Maman Sadiya, sannu. Ilimin halayyar ɗan Adam nake koyarwa, kuma ni ma irinki ce, shi ya sa maganar jan ajin nan take ƙona mini rai. Abin da kike ji sananne ne. Tun 1921 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, Carl Jung, ya bayyana cewa wasu hankalinsu ya fi karkata ga abin da ke cikin ransu, wasu kuma ga mutane da abin da ke gudana a waje. A 1967 Hans Eysenck, a Ingila, ya kawo dalili daga jiki: a ganinsa ƙwaƙwalwar mai shiru-shiru dama a farke take sosai, hayaniya kaɗan ta ishe ta, ita kuwa ta mai faran-faran sai an ƙara mata kafin ta ji daidai.

An gwada. A 1984 Russell Geen ya ba ɗalibai wani aiki, ya sa musu ƙara a kunne, ya ce kowa ya daidaita ta yadda ta yi masa. Masu faran-faran suka ɗaga, masu shiru-shiru suka sassauta, kowa ya yi aikinsa lafiya. Da aka ɗora wa masu shiru-shiru ƙarar da waɗancan suka zaɓa sai aikinsu ya ja baya. To ki duba gidan biki: ga lasifika, ga guɗa, ga yara, ga mai neman cokali, ga mai neman ɗankwalin anko, tun safe har dare.

Kika ce tun kina yarinya. Jerome Kagan na jami'ar Harvard ya fara wani bincike a 1989 da jarirai 'yan wata 4. Kusan kashi 20 cikin 100 in an nuna musu sabon abu sai kuka da wutsil-wutsil, kuma daga cikinsu aka fi samun yaran da suka tashi da ɗari-ɗari a gaban baƙi. Ba duka ba, don reno da zama da mutane suna sauya abubuwa da yawa. Binciken tagwaye ma ya nuna gado na da kaso mai tsoka a wannan hali, wajen kashi 40 zuwa 50.

Anti Bilki, Abuja:
Ku bar ni in faɗi namu, don mu ma muna shan magana. Ni biki ne abincina, in an yi mako ana yi ban ƙi a ƙara ba. Mai rawar kai, uwar surutu, ba wanda ban ji ba. Wahalata ta fara ne ranar da 'yan kai amarya suka tafi suka bar ni a gidan da ba maƙwabciyar da ke leƙo ka. Maigidan mutumin kirki ne amma in ya dawo aiki gaisuwa ce, abinci, sai ya jawo littafi. Na rame, na yi ta kuka, na ɗauka ba ya so na. Shi kuma a wajensa zaman da muke yi kusa da juna shiru ɗin nan shi ne jin daɗin aure. Sai da yayarsa ta zaunar da mu. Yanzu bayan isha'i lokacina ne, waya a ajiye, kuma ba ya hana ni zuwa suna da biki. Ni ma in ya shigo ina ba shi sarari ya huce tukuna.

Malama Rabi, Zariya:
Anti, gaskiyarki, ke ma buƙata ce ba rawar kai ba. Richard Depue da Paul Collins sun danganta wannan hali a 1999 da sinadarin dofamin, wanda ke zaburar da mutum ya nemi abin da zai faranta masa. A irinku wannan zaburarwa ta fi ƙarfi, taro na biyan ku ladan da ba ya biyan mu. Kuma kada mu raba mutane gida biyu, akasarin jama'a a tsakiya suke. Mu ma kada mu fake da hali mu yanke zumunci: William Fleeson ya gano a 2002 cewa ko masu shiru-shiru sukan fi jin nishaɗi a lokacin da suka saki jiki suka yi hira. Shiga za mu yi, mu fita mu huta, mu komo.

Adda Mairo, Garwa:
Abin da ke ɗaure mini kai, shirun da ake yabona da shi a gidan surukai, a ce ga kawaici ga fulako, shi ne ake zargina da shi a bikin dangi. Sannan ana haɗa mu da masu kunya, alhali da bambanci. Ƙanena yana son shiga mutane, tsoron kada a yi masa dariya ke riƙe shi. Ni ba na tsoron kowa, zan iya tsayawa gaban taron mata in yi bayani, gajiya ce kawai ke kama ni da wuri.

Nas Hauwa, Katsina:
Don Allah a lura da abu ɗaya. Wanda tun asali shiru-shiru ne, in ya keɓe ya huta yakan fito garau. Amma wanda aka sani da walwala, sai ga shi ya daina fita, ba barci, ba cin abinci, abin da yake so a da ya fita ransa, har mako 2 ko fiye, wannan ba hali ba ne. Yana iya zama ciwon damuwa, musamman ga mai jego. A kai shi ga likita, kada a ce miskilanci ne.

Hajiya Uwani, Gusau:
'Ya'yana, na aurar da 'ya'ya da jikoki, kuma kowane gida akwai irin waɗannan. Ni tun kafin biki nake raba aiki da sanin halin kowa. Masu baki su tsaya ƙofa su tarbi dangin ango. Mai shiru-shirun cikinsu ita nake ba littafin gudummawa da makullin ɗakin kaya, ta zauna ciki tana rubuta wanda ya kawo da abin da ya kawo, ta ƙirga kwanukan aro kafin a mayar. Ban taɓa neman ko murfin kula na rasa ba. Kuma ɗakina na ƙurya ba a sauke baƙi a ciki, na wanda kansa ya ɗau zafi ne, ya shiga ya yi sallah ya ɗan kishingiɗa. Wanda ya tambaye ta, ni nake amsawa, in ce ni na aike ta.