Me za mu kira "bust" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni da wata kalma. Turawa na cewa "bust", wato siffar mutum da aka ƙera daga kai zuwa kafaɗu kawai, ba hannu ba ƙafa. Wadda ta fi shahara ita ce ta Sarauniya Nefertiti, matar Fir'auna Akhenaten, da Jamusawa suka tono a Amarna ta ƙasar Masar a 1912, a ɗakin aikin masassaƙi Thutmose. Tana gidan tarihi na Neues Museum a Berlin, Masar kuwa har gobe tana neman a mayar mata da abinta.

Masu fasahar zamani ba su bar ta ta huta ba. A 1993 Ba'amurke Fred Wilson ya jera kwafinta guda 5, ya shafa musu launi daga mai haske zuwa ruwan ƙasa mai duhu, ya bar mai kallo ya zaɓi wacce ce launin fatar sarauniyar. To, in za ka ba da wannan labari da Hausa, me ya jera?

Wasu sun ce gunki. Ni dai ban yarda ba. Gunki abin bauta ne, wannan kuwa masana da yawa na ganin samfuri ne da masassaƙin ke dubawa yana aiki, ko ƙwayar idon hagu ma babu a jikinta. Da ka ce gunki, mai karatu ya riga ya yanke hukunci kafin ya kai ƙarshen jimla.

Mutum-mutumi fa? Kaya sun yi masa yawa. Shi ne mai korar tsuntsaye a gona, shi ne na'urar da ke tafiya da kanta, kuma mai ji zai zaci jiki ne sukutum.

Wani malami ya kawo "sassaƙen fuska". Ya yi daɗin faɗa, ya kuma dace da ta Berlin, tunda dutse aka sassaƙa aka yaɓa masa filasta. Amma na Wilson zuba su aka yi, gizago bai taɓa su ba.

Shawarata: kai-da-kafaɗa. "Wilson ya jera kai-da-kafaɗan Nefertiti guda 5." Ko na dutse ne, ko na tagulla, ko na laka, duk ya shiga.

Saura ɗaya: kai-da-kafaɗan ko kai-da-kafaɗar? Ni na bi "kai" na mai da shi namiji. Mutanen Nijar, ku da kuke jin "buste" a Faransanci, ya kuke cewa?