Neman shawara: saƙo na barin Adar cikakke, yana isa Yamai guntu

Ɗan Adar, daga Tawa:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da matsalar da ta hana ni barci, ina neman shawarar manya.

Muna kula da famfunan rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana a wasu garuruwa tsakanin Illela da Konni. Kowane famfo da ƴar na'ura mai Linux a jikinsa, tana tara lissafin ruwan da aka ɗaga, duk sa'a ta tura wa sabarmu, babbar kwamfutar da ke karɓar bayanan a Yamai, ta layin waya. Da yaren kwamfuta C aka rubuta shirin, layi kusan 30,000, kuma wanda ya fara shi ya bar aikin tun kafin in zo.

Saƙon kowace sa'a bayit 2,300 ne (bayit shi ne ma'aunin girman bayanai). A kwamfutata bai taɓa kuskure ba. A ƙauye kuwa, wani sa'in rabinsa ke isa, ragowar ta manne a goshin saƙo na gaba, lissafi ya dagule. Makon jiya sabar ta nuna wani famfo ya tsaya, muka tura mai gyara a kan babur cikin wannan zafi, ya tarar ruwa na zuba lafiya lau. Abin ya yi mini ciwo, don ya baro wani garin da famfonsu ya lalace da gaske, mata na layi a bakin tsohuwar rijiya.

Na gano wuri ɗaya: an kira read, aikin da ke karanto bayanai, sau guda, an nemi bayit 2,300, aka ɗauka duk sun zo. Na gyara shi. Amma da na bincika kod ɗin da grep, wuraren da ake kiran read, write, recv da send, ayyukan karɓa da tura bayanai, sun kai 140. Shin akwai manhajar da za ta karanta kod ɗin ba tare da an kunna shi ba, ta nuna mini duk inda aka yi irin wannan sakaci?

Malam Isufu, Yamai:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin maganar manhaja, ka riƙe wannan: read bai taɓa yi maka alkawarin cika awo ba. Ka je wurin mai hatsi ka ce tiya goma, ya auna maka shida, ya faɗa maka da bakinsa shida ne. Bai cuce ka ba. Kai ne ka ɗaure bakin buhu ba ka saurare shi ba. Lambar da read ke maidowa ita ce maganar mai hatsi: adadin da ya samu, ko 0 idan ɗaya ɓangaren ya rufe, ko -1 idan an yi kuskure.

TCP, tsarin da ke ɗaukar bayanai a intanet, bai san inda saƙonka ya fara ko ya ƙare ba, bayit kawai yake kwararowa. A layin Ethernet ƙunshi ɗaya bai wuce bayit 1,500 ba, abin da ke saura wa kayanka kusan 1,460 ne, saboda haka 2,300 dole ya rabu biyu. Idan reso ya yi rauni, na biyu ya makara, read ya miƙo maka na farko ya dawo. A kwamfutarka ba ka gani ba don Linux na barin ƙunshin da kwamfuta ke tura wa kanta ya kai bayit 65,536.

Hadiza, Yamai:

Yaya, fara da abin da ke hannunka kyauta. Ka haɗa shirin da GCC, manhajar da ke juya kod ya zama shiri, ka sa -O2 -D_FORTIFY_SOURCE=2 -Wall. Idan an kunna wannan, glibc, tarin ayyukan C na Linux, na sa wa read da write alamar warn_unused_result, sai GCC ya yi gargaɗi duk inda aka watsar da amsarsu. Wasu na sa void a gaban kiran don su rufe masa baki, amma GCC ba ya yarda da wannan dabarar. Daga nan ka gudu clang-tidy, manhajar binciken kod, da dokarsa ta bugprone-unused-return-value. Yana da wurin da za ka ƙara sunayen da kake so ya sa wa ido, ka zuba recv da send a ciki.

Ɗan Adar:

Na gode ƙanwata. Na yi duka biyun, gargaɗi 11 kacal na samu. Sai na maido da tsohon kuskuren da na gyara da hannu, in ga ko za su kama shi. Ko uffan ba su ce ba.

Malam Isufu:

Haka na zata. Na tabbata a wurin an ajiye amsar read a cikin wani ma'aji, a ce n, an duba ko n ya gaza sifili, aka wuce. A idon manhajar an yi amfani da amsar, magana ta ƙare. Waɗanda suka watsar da lambar gaba ɗaya su ne masu sauƙin kamu. Masu wuya su ne waɗanda suka duba ta rabi da rabi, kuma a tsohon kod su suka fi yawa.

Don ta kama waɗannan, sai manhaja ta bi n duk inda ya shiga, ta gane ko an gwada shi da adadin da aka nema, ko kiran na cikin zagaye, ko wani aikin can sama ne ke ƙarasa karatun. CodeQL na iya bin sawun lamba haka idan ka zauna ka rubuta masa tambaya, Coccinelle ma, wanda masu Linux ke gudu da make coccicheck, ya iya farautar siffar kod a C. Amma duk yadda ka tsara dokar, ko dai ta yi ta ƙarar wuraren da ba su da laifi, ko ta tsallake masu laifi. Wannan ba gazawar masu ƙera su ba ce. Tun 1953 Henry Rice ya tabbatar babu shirin da zai iya yanke hukunci daidai, a kowane hali, kan halayyar wani shirin. Kuma na gani da idona, gargaɗin ƙarya in ya yi yawa, cikin wata ɗaya mutane ke daina karanta shi.

Saboda haka ka sauya tambayar. Kada ka tambayi manhaja ko an kira read daidai. Ka tambaye ta ko an kira read, shi ke nan. Ka buɗe fayil ɗaya, ka rubuta karanta_duka da rubuta_duka, ayyuka biyu masu zagaye suna maimaita kira har awo ya cika, su kaɗai ke da izinin taɓa read da write. Ko'ina kuma haramun ne. Wannan dokar ba ta buƙatar bin sawun komai, mai binciken kod Semgrep zai tsare maka ita da layi kaɗan, ka ware wancan fayil ɗin daga bincike. GCC ma na da #pragma GCC poison, wanda ke ƙin haɗa shirin idan ya ga sunan da ka haramta. Sai dai ka sa shi bayan fayilolin tsarin, kuma ka sani zai kama har wani abu naka da ka raɗa wa suna read.

Abdu Rasta, Yamai:

Ni dai shawarata ku koma yaren Rust. Akwai read_exact da write_all a shirye, kuma Clippy, mai binciken kod na Rust, na da unused_io_amount, yana tsayar da kai idan ka yi watsi da adadin. Java ma SpotBugs na kama shi da RR_NOT_CHECKED.

Hadiza:

Abdu, abin da ka faɗa gaskiya ne, amma mutumin nan shi kaɗai ne da layi 30,000 da famfunan da mutane ke sha yau. Ba zai rufe su wata shida yana sabon rubutu ba. Hanyar Malam ita ce abin da Rust ɗin ya yi: aiki ɗaya amintacce, kowa ya bi ta nan.

Yaya, ka kula da zagayen da za ka rubuta, don wurin ne yanzu duk nauyin zai koma. Idan read ya maido 0 kafin awo ya cika, ka fita ka sanar da kuskure. In ka manta, shirin zai yi ta juyawa har abada yana cinye batir. Idan -1 ne kuma errno EINTR ne, sigina ce ta katse shi, ka sake kira. Idan EAGAIN ne, wato bayanai ba su iso ba tukuna, ka jira su da poll. Duk zagaye ka matsar da wurin zubawa gaba, ka rage abin da ya saura. Kada kuma ka jingina da MSG_WAITALL, alamar da ke ce wa recv ya jira komai ya iso, shi ma yana dawowa da guntu idan sigina ta shigo ko layin ya yanke.

Ɓangaren write kuwa, mutane na raina shi don soket (ƙofar sadarwar shirin) mai jira yawanci yana tura komai. Amma in an sa masa wa'adi da SO_SNDTIMEO, ko ba mai jira ba ne, guntu zai rubuta. Haka katin ajiya idan ya kusa cika: ya rubuta abin da ya samu wuri, sai kira na gaba ya ce ENOSPC, wato wuri ya ƙare.

Malam Isufu:

Ƙari ɗaya, tunda gani ya kori ji. Ka rubuta ɗan ƙaramin read naka wanda ba ya ba da fiye da bayit 1 a kowane kira, ka cusa shi a madadin na asali da LD_PRELOAD, ka kunna sabar. Ka kawo resonku na ƙauye kan teburinka ke nan. Abin da ya tsira daga wannan, da wuya layin waya ya kayar da shi.

Ɗan Adar:

Allah ya saka da alheri Malam, Hadiza, Abdu. Ga inda aka kwana bayan kwana tara. Cikin 140, guda 118 sun koma karanta_duka da rubuta_duka kai tsaye. Ina canza su ina karantawa, na ƙirga 37 da ke duba kuskure kawai ba sa duba adadi, ban da 11 na farko. Gwajin bayit 1 ya tono mini wani da ban taɓa zato ba: bayit 4 na farkon saƙo, masu faɗin tsawonsa, su ma da kira ɗaya ake karanta su. Dokar Semgrep na nan, ba a shigar da sabon kod sai ta amince.

Sauran 22 na wayar RS-485 ne da ke tsakanin na'ura da injin famfo. Can ba a san tsawon amsa tun farko ba, Modbus RTU, tsarin da suke magana da shi, da ɗan shiru yake raba saƙo da saƙo, don haka karanta_duka zai tsaya yana jiran abin da ba zai zo ba. Na ware su a fayil na biyu, ina duba VMIN da VTIME, saitunan da ke faɗa wa read yawan bayit da tsawon lokacin da zai jira. Wanda ya taɓa wannan aikin a cikinku, don Allah ya yi mini magana kafin Litinin, ranar zan tafi Illela da na'urar gwaji.