Don Allah taimako: gefen dal (gunduwar kankare) yana ɓantarewa in mun kwance kofraj

Salamu alaikum iyayen gidana masu aikin gini, shawara nake nema. Muna wani babban shantiye, wato aikin gini, a Garwa, rufin sito ne, kuma ba a sama ake zuba kankaren ba, a ƙasa muke zuba shi gunduwa-gunduwa cikin kofraj, wato akwatin katakon da ke riƙe kankaren, in ya yi ƙarfi injin ɗaga kaya ya ɗora shi. Kowace gunduwa mita 3 ce da mita 1, kauri santi 12.

Da katakon yana sabo lafiya lau, amma yanzu ya sha ruwa ya kumbura, mahaɗin ya buɗe, da an saka injin girgiza sai ka ga ruwan siminti yana tsiyaya ta ƙasa, in an kwance gefen duk ramuka kamar saƙar zuma, tsakuwa a fili, kusurwa kuwa da yatsa ma sai ta ɓantare. Haɗinmu buhu 7 ne na siminti a kubik mita ɗaya na kankare, wato kilo 350, don haka ba ƙarancin siminti ba ne. Baƙin mai muke shafa wa katakon don kada kankaren ya manne, shi ma yana ɓata fuskar dal ɗin.

Shef shantiye, wato shugaban aikin, yana so a riƙa kwancewa bayan awa 24 don a sake zubawa, ni dai a ganina an yi gaggawa, ga zafin nan ya wuce 40, saman ya bushe alhali cikin bai nuna ba.

Wanda ya taɓa ba mai walda ya haɗa masa kofraj na ƙarfe, mili nawa ne kaurin da ba ya lanƙwashewa? Kuma da me kuke toshe mahaɗin, soso ko roba?