Yadda za a auna himmar kasuwanci a kamfanonin iyali

Ɗalibin Digiri na Biyu:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ina rubuta kundina a kan kamfanonin iyali a Kano, wato manyan 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da masu ƙananan masana'antu a Sharaɗa, domin in gano ko himmar kasuwanci tana da alaƙa da bunƙasar kamfani. Malamin da ke duba aikina ya ce in ɗauki ma'aunin masana Covin da Slevin na 1989, mai tambayoyi tara: uku kan ƙirƙirar sabon abu, uku kan riga abokan gogayya, uku kan kasada, kowace ana ba ta maki daga 1 zuwa 7. Shin in haɗa makin ya zama lamba ɗaya, ko in raba shi gida uku? Kuma da me zan auna nasarar kamfani, tunda Alhazai ba sa faɗin ribarsu?

Malama Mai Koyar da Kasuwanci:
Wa alaikumus salam, ɗalibi. Shawarata ka raba. Danny Miller, masanin da ya kafa tushen ra'ayin himmar kasuwanci a 1983, ya ɗauka cewa sai abubuwan nan uku sun haɗu kafin a ce kamfani yana da himma, amma a 1996 Lumpkin da Dess suka nuna cewa kowanne yana iya hawa ko sauka shi kaɗai, har suka ƙara biyu, 'yancin yanke shawara da zafin gogayya. A 2009 Rauch da abokan aikinsa sun tattara bincike 51 da ya shafi kamfanoni fiye da 14,000, suka sami alaƙa ta kusan 0.24 tsakanin himma da nasara (a ma'aunin da 0 ke nufin babu alaƙa, 1 kuma cikakkiyar alaƙa), wadda matsakaiciya ce, ba abin a buga ganga ba. Inda abin ya shafe ka shi ne binciken Naldi da abokan aikinta na 2007 a ƙasar Suwidin, wanda ya nuna kamfanonin iyali ba sa kasada kamar sauran, kuma idan suka yi ta, sakamakonsu raguwa yake yi. Idan ka cakuɗa komai a lamba ɗaya, ƙirƙira za ta ja sama, kasada ta ja ƙasa, ka tashi da sakamakon da bai gaya maka komai ba.

Tsohon Akanta:
Malama ta yi gaskiya, sai dai ni damuwata tana ga tambayoyin kansu. An gina su ne a kan ƙananan masana'antun Amurka, shi ya sa ta farko take tambayar ko shugabanni sun fi ba sashen bincike da fasaha muhimmanci. Mai kawo atamfa da shadda daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin ba shi da wannan sashe, ƙirƙirarsa tana cikin sabon zanen da ya aika a buga masa, ko sayar da kaya ta WhatsApp ga 'yan sari na Maraɗi. Akwai kuma tambayar da ke neman mutum ya ce manufarsa durƙusar da abokan gogayya. Dattijon da yake sahu ɗaya a masallaci da maƙwabcin shagonsa ba zai amsa wannan da eh ba, ko da kuwa shi ne ya fi kowa karya farashi. Sannan ka lura da wanda ya cike takardar. Sau da yawa Alhaji zai miƙa wa ɗansa mai boko, yaron ya ba da maki bakwai-bakwai, alhali ba a fitar da ko kwabo sai da izinin uban. Batun riba kuwa, kada ka nemi lamba, domin za a ɗauke ka ɗan leƙen asirin masu haraji. Ka tambaye su yadda cinikinsu, yawan yaran shagonsu da rassansu suke idan an kwatanta da na takwarorinsu a shekaru uku da suka wuce.

Mai Nazarin Gado:
Ina da ɗan ja game da cewa iyalai ba sa kasada. Gómez-Mejía da abokan aikinsa sun yi nazarin matatun man zaitun na iyalai 1,237 a kudancin Sifaniya, suka buga a 2007, inda suka ga iyalai da yawa sun ƙi shiga ƙungiyar haɗin gwiwa, duk da cewa shigar ta fi tsaro ta fuskar kuɗi, don kawai kada mulkin matatar ya fita daga hannun gida. Wannan ma kasada ce, amma tambayoyin nan tara ba sa kama ta. Saboda haka, ɗan uwa, ka ƙara tambayoyi kan abin da iyalin suke ɗauka nasara: riƙe sunan gida, sama wa 'ya'ya da ƙanne sana'a, da tsallake rabon gado ba tare da jari ya tarwatse ba. Ka kuma rubuta ko wanda ya kafa kamfanin ne yake jan ragama ko magadansa, domin ba daidai ba ne a auna shagon da mutum ɗaya yake yanke hukunci da wanda sai 'yan ɗakuna uku sun zauna kafin a yi odar kwantena ɗaya.