Allurar cike fuska: abin da aka faɗa a taƙaice

Jama'a, ga abin da na tsinto daga hirarmu kan allurar cike fuska, wato wadda ake zuba wani sinadari a ƙarƙashin fata don fuska ta ciko.

1. An yi ittifaƙi: likitan fata ne zai yi ta, ba mai shagon kwalliya ba. In ta shiga jijiyar jini, fata kan mutu, har makanta tana faruwa.
2. A zaɓi ta hyaluronic acid, wani sinadari mai riƙe ruwa a fata. Tana kai wata 6 zuwa 18, kuma akwai allurar narkar da ita. Silikon kuwa, in ya shiga ya zauna ke nan.
3. Kumburin 'yan kwanaki ba komai. Zafi mai tsanani kam, asibiti nan take.
4. Mai ciki ta haƙura.

Kan hukuncinta a addini aka rabu: wasu sun ce canza halitta ce, wasu sun ce gyara ne tunda ba ta dawwama.